Filin Gwaggo: Baƙo da Tukunyar Kumasi

Assalamu alaikum, masu karatu. Cikin wasiƙun da suka iso mini wannan watan na ware uku, domin kukansu ɗaya ne: mutum ya sauka a Kumasi ta ƙasar Ghana, ya samu ɗaki, ya samu abin yi, amma bai samu inda zai ci abinci hankalinsa kwance ba. Ta farkon ce za ta ci mana yawancin fili.

TAMBAYA

Gwaggo, ina gaishe ki da girmamawa. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 24. Wata uku ke nan da maigidana ya kawo ni Kumasi ina tsare masa shagon kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai. Ɗakin da na kama yana Breman, gidan haya ne na Asantawa, ni kaɗai ne Musulmi a ciki. Tun zuwana abincina shayi da burodi da safe, Indomie da ƙwai da dare, da rana kuwa in na samu gasasshiyar agade da gyaɗa shi ke nan. Sau ɗaya abokan aikina suka ja ni wani gidan abinci da suke kira cofba, suka saya mini abinci. Aka ajiye mini kasko cike da miya, ga dodon koɗi, ga ƙaguwa, ga wani baƙin nama mai ƙaurin hayaƙi da ban san na mene ne ba. Na tashi ban taɓa ba, tun ranar kuma ba su sake gayyatata ba. Na rame, har mahaifiyata ta gani a waya ta yi kuka. Tsorona kada in ci alade ban sani ba, ga shi ina jin nauyin tambaya kada a ce na raina abincin mutane. Ta ina zan fara?

Ɗanki, daga Breman

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka. Wasiƙarka ta tsaya mini a rai, don ni a gindin tukunyar tuwo na tashi. Innata, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara talatin da 'yan kai tana tuƙa tuwon sayarwa a Aboabo, ni ke wanke kwanuka tun tsayina bai kai bakin tukunyar ba. Irinka na gani ba iyaka. Yaro ya sauka daga motar shanu ko ta albasa, ya tsaya can nesa da rumfa yana leƙe, yunwa na cinsa, bai san da wane harshe zai buɗe baki ba. Sai Inna ta ce, "Je ki kira mini wancan, baƙo ne." Ranar farko ba ta karɓar kuɗin baƙo, komai nacinsa.

Tsoron haram da kake yi abu ne mai kyau, kada ka bari kowa ya raba ka da shi. Inda ka kuskure shi ne da ka bar tsoron ya ɗinke maka baki. Saurayi mai wuni a tsaye cikin ranar Magazine, yana ɗaga ƙarafa yana saukewa, jikinsa ba zai ɗore da shayi da Indomie ba, kuma jikin nan amana ne a hannunka.

Ka fara sanin cewa kakanninka sun riga ka zuwa garin nan da fiye da shekara ɗari. Goro ya kawo su. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna bin hanyar Gwanja har Salaga, inda goron ƙasar Asante ke tarar da su. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Accra, wasu kuma suka gangaro Kumasi bayan Turawan Ingila sun shige ta a 1896. Kakana na wajen uba Bakatsine ne kamarka. Duk inda fatake suka ya da zango kuwa, tukwanen mata na biye da su. Shi ya sa yau in ka kasa kunne a titin Ghana za ka ji sunayen abincinmu a bakin waɗanda ba su jin Hausa ko kaɗan: koko, ƙosai, masa, fura, tuwo, wake. Ba'asante ma in zai sayi kunun safe "Hausa koko" yake cewa. Saboda haka da abincin gidanku za ka fara, wanda ya zo nan ya zauna ya ɗan sauya kama.

Gobe in ka idar da sallar Asuba, ka fita bakin titi ka nemi mace mai babbar tukunya lulluɓe da leda da zane, mutane sun kewaye ta da kofuna. Kokon gero ne, sai dai na nan ya fi na Katsina yaji, da citta da kanumfari da barkono, wasu har da masoro, za ka ji shi har maƙogwaro. Ka haɗa da ƙosai ko masa ko pinkaso, ɗan'uwan funkasonku. In kana so a watsa maka soyayyar gyaɗa a ciki, haka muke sha.

Da hantsi sai waakye. A baki "waace" ake cewa, asalinsa kuwa kalmarmu ce, wake. Shinkafa da wake ne, dangin garau-garau, amma a nan ana jefa busasshen ganyen jar dawa, wato karan dafi, da 'yar kanwa a ruwan dahuwa. Ganyen ke ba shi launin nan ja mai duhu, kanwar kuma ta sa waken ya yi laushi. Rakiyarsa ta wuce mai da yaji. Akwai miyar tumatir da aka soya har ta yi duhu. Akwai shito, baƙin yaji da ake soyawa a mai da garin busasshen kifi da jatan lande da citta da albasa, a hankali, har ruwansa ya ƙone. Akwai taliya, da garin rogo da aka murza da man miya, da dafaffen ƙwai, da soyayyen kifi, da nama, da ganda wadda suke kira wele. In ka samu mai zubawa a faffaɗan koren ganye, ka zaɓi ganyen ka bar leda. Zafin abincin na fito da wani ƙamshi daga jikinsa, kuma a haka muka taso muna ci. Mai waakye ta kirki kafin Azahar ta kife tukunya. Wadda ka tarar da rabin tukunya da La'asar, ka wuce gaba. Mafi yawan masu wannan sana'a Musulmi ne, 'yan zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi Musulmi, da 'yan arewacin Ghana, har ta kai Asantawa na kiran kowace mai waakye "Hajiya" ko "Amariya" ko da ba su san sunanta ba.

Tuwon nan zai ba ka mamaki ranar farko. Sauran 'yan ƙasa tuo zaafi suke ce masa, wato tuwo mai zafi, a Kumasi kuma za ka ji ana cewa diehuo. Kada ka sa ran malmala mai tauri irin ta gida. Garin masara ne da ɗan garin rogo, a tuƙa shi da taushi, a kwasa da mara a zuba a kwano yana rawa. Miyarsa biyu ce a haɗe: koriyar ayoyo, wadda kuke kira lalo, da daddawa da garin kifi, sannan a ɗora jar miya mai mai da nama ko kayan ciki a kai. Akwai kuka, akwai busasshiyar kuɓewa ga mai so. Da zafinsa ake cinsa. Inna ba ta taɓa sayar da wanda ya huce ba, mu ake bar wa a gida.

Daga Breman ba ka da nisa da zangon Tafo. Ranar hutu kuma ka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar Kejetia, ka taka zuwa Alabar, ko ka nemi motar Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Akwatia Line ko Sawaba. Ranar Juma'a ka roƙi maigidanka ya sake ka ka je Babban Masallacin Kumasi, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. Ana sallamewa ka lura da rumfunan da dattawa ke nufa. Cikin Magazine ɗin ma akwai Musulmi da yawa, makanikai da masu walda da masu fenti, da ƙananan masallatai a lunguna. Wanda kuka haɗa kafaɗa da shi a sahun Azahar, in an idar ka ba shi hannu ka ce, "Malam, ni baƙo ne, ina kuke cin tuwo?" Da ɗan gari akan ci gari. Hausarsa za ta bambanta da taka, zai ce "cau" inda kake cewa "kyau", zai ce "ya zo" ko da mace yake nufi. Kada ka yi dariya, kada ka gyara masa. Hausa ce da ta yi shekara ɗari tana maƙwabtaka da harshen Twi, kuma ita muka sha a nono.

A rumfunan nan ba a cewa a ba ni faranti ɗaya. Da kuɗi ake aunawa, kowane abu da nasa: waakye na sidi kaza, taliya ta kaza, ƙwai ɗaya, wele ɗaya, ita ta haɗa lissafi. Ka faɗi naka kafin ta ɗaga ludayi. In tsohuwa ta ce maka "dubu ɗari", kada gabanka ya faɗi, sidi 10 take nufi. A 2007 aka sauya kuɗin ƙasar aka cire sifiri huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma bakin tsofaffinmu har yau yana kan tsohon lissafi.

To, mu koma kan kaskon da ka tashi ka bari. Fufu aka ajiye maka, rogo da ɗanyar agade da aka dafa aka kirɓa a turmi kamar sakwara. A wurin Ba'asante shi ne abinci. Mutum zai ci shinkafa ya ƙoshi ya ce yau bai ci komai ba tunda fufu bai shiga cikinsa ba. Ba a tauna shi, da yatsu ake yanka a tsoma a miya a haɗiye. Kaskon mai zane a ciki shi suke niƙa kayan miya da shi, apotoyewa ko asanka suke ce masa, kuma cin fufu a cikinsa shi ne daɗin abin a wurinsu. Baƙin naman da ka gani naman daji ne da aka busar da hayaƙi, galibi gyazbi, wanda suke kira akrantie, ko gada. Yana cikin mafi tsada a gidan. Wato abokan aikinka karrama ka suka yi niyya.

Duk da haka ka yi daidai da ba ka ci ba. Naman da mafarauci ya kama da tarko, ba ka san yadda ransa ya fita ba, barinsa ya fi. Kifi da ƙaguwa da jatan lande abin ruwa ne, malamanmu na Malikiyya ba su hana ba. Dodon koɗi yawancinmu a zango ba mu saba da shi ba. In kana son hukuncinsa dalla-dalla, ka zauna a majalisin malamin unguwa bayan Magariba ka tambaya, sun saba da irin tambayar.

Alade a garin nan iri biyu ne. Akwai na fili, soyayye ko gasasshe a tire, galibi kusa da wuraren shan giya da ake kira sifot. Wannan hancinka ma zai gaya maka. Wanda za ka kula da shi shi ne na ɓoye: ƙafar alade da aka jiƙa a gishiri, za ka gan ta a kasuwa cikin baho ta yi ja. Wasu masu girki na jefa ta a miyar kwakwar manja ko ta gyaɗa don ɗanɗano, in ta dahu ta narke ido ba ya raba ta da ƙafar saniya ko ganda. Saboda ita ne tambaya ta zama dole. Ka riƙe waɗannan na Twi. "Mepa wo kyew", a baki kamar "mepaco", wato don Allah. "Meye Kramoni", ni Musulmi ne. "Prako wom anaa?", akwai alade a ciki? In an amsa maka ka ce "medaase", na gode.

Wallahi, ɗana, shekara sittin ina garin nan ban ga mai abincin da ta ji haushin wannan tambaya ba. Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, sun daɗe da sanin Musulmi. Tun zamanin Osei Bonsu, a farkon ƙarni na 19, akwai malamai a fadar Asantehene, sarkin Asante, suna yi masa rubutu da addu'a. Su kansu kowane gida da abin da ba ya ci bisa al'adarsa. Ga kuma Kiristocin da ke ibada ranar Asabar, suna da yawa a ƙasar Asante, ba sa cin alade, ba sa cin ƙaguwa da dodon koɗi. Mai cofba kullum tana jin wani ya ce ba ya cin kaza ko kaza. Sau da yawa ita da kanta za ta ce maka, "Kramo, wannan tukunyar ba taka ba ce, ga waccan."

In tukunya ɗaya ce aka tara kowane nama a ciki, ka yi godiya ka fita, ko an ce za a tsame maka naka daban, domin romon ya riga ya haɗu. In tukwane daban-daban ne, kowace da ludayinta, ka nemi miyar akuya mai ruwa-ruwa, aponkye nkrakra, ko ta kifi. Naman shanu da awaki da tumaki na kasuwannin Kumasi mafi yawansa daga hannun mahauta Musulmi yake fitowa, sana'ar tamu ce kaka da kakanni, amma ba laifi ka tambayi inda ta saya. Kaza ce mai wuyar sha'ani. Yawancin wadda ake ɗorawa kan soyayyar shinkafa da dare ta kwali ce, daskararriya daga ƙasashen waje, wani kwalin da tambarin halal, wani babu. Ni in ban san mai abincin ba, kifi ko ƙwai nake zaɓa. Mafi sauƙi duka, fufunka na farko ka ci shi a zango. Akwai matanmu da ke kirɓa shi, da miyar gyaɗa da naman da ka san wanda ya yanka.

Saura abokan aikinka. Sun kashe kuɗinsu, ka tashi ba ka ce uffan ba, abin da suka fahimta shi ne ƙyama. Kada ka bar wannan ya ƙara kwana. A wurinsu, kamar a wurinmu, ba a cin abinci gaban mutum ba a yi masa tayi ba. "Yennidi" suke cewa, mu ci, daidai da bismillarmu. Ranar Litinin ka sayo waakye mai yawa, ka buɗe a ƙofar shago, ka kira su, ka gaya musu gaskiyar abin da ya tashe ka ranar. Da hannun dama za ka miƙa, da shi za ka karɓa, a nan ma ɗaya muke da su. Za ka ga nan gaba su ne za su riƙa yi maka tambayar a cofba tun ba ka buɗe baki ba.

Maganar tsabta a taƙaice. Abin da ya sauko daga wuta yana tururi shi za ka nema. Ka dubi ruwan wanke kwanuka, ka dubi ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗibar taliya, ka dubi ko abincin na cikin akwatin gilashi ko ƙuda na yawo a kai. Ɗanyen ganyen da aka yanka tun safe, kabeji da latas da aka zuba wa mayonis, ka bar shi tukuna. Ni da aka haifa a nan, shi ya taɓa kwantar da ni kwana huɗu bayan na ci a wata tasha muna dawowa daga biki, sai da aka ƙara mini ruwa. Waɗanda suka ga kwalarar da ta auka wa Accra a 2014 ba sa wasa da wannan. In ka ga mata da 'yan makaranta sun yi layi a gaban rumfa, shaida ce mai ƙarfi, domin uwa ba ta komawa inda cikin ɗanta ya ɓaci.

Abin da ya fi damuna na bari a ƙarshe. In ka zagaya ka ɗanɗana, ka tsayar da mace ɗaya ka zama nata. Ka gaishe ta kafin ka faɗi abin da kake so, ka tambayi jikinta da yara, ka ce mata Hajiya ko Mma. Mako biyu ba zai cika ba za ta san yawan yajin da kake so, ta yi maka gyara ba ka roƙa ba, ranar da aljihu ya bushe ta zuba maka ta ce ka kawo gobe. A 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya suka dawo ƙasar da ba abinci, da masarar agaji mai launin rawaya Inna ke tuƙa tuwo, marar ma sai da ta rage. Amma akwai samari shida masu dako a kasuwa, 'yan Nijar da 'yan arewa, da ba ta taɓa bari sun kwana da yunwa ba, da kuɗi ko babu. Wata rana ɗaya bai zo ba. Ta aike ni da ƙanena ɗakinsu da kwano, muka tarar zazzaɓi ya kayar da shi, ko ruwa ba ya iya ɗauka, ba wanda ya sani. Da ba ta saba ganin fuskarsa kullum ba, wa zai lura? Ranar jana'izarta uku daga cikinsu sun zo da furfurarsu, da su aka ɗauki makara. Kai yanzu a Breman, in ka kwanta ciwo yau, wa zai ce bai ga ɗan Katsina ba? Wannan nake so ka gyara kafin wata ya mutu. In ka samu wurin, ka ɗauki hoton kwanon ka aika wa mahaifiyarka, ni ma ka rubuto mini.

TAMBAYA

Gwaggo, barka da aiki. Ni 'yar Maraɗi ce, wata biyar da aurena, mijina ɗan kasuwar albasa ne, muna zaune a Sawaba. Matan gidanmu ba sa hura wuta da safe, kowace sai ta ba yaro kwano ya sayo koko ko waakye. Mijina ma ya ce in daina wahalar da kaina, har yana so ranar Lahadi mu fita tare mu ci tuwon shinkafa a wata rumfa. A garinmu matar aure ba ta zama cin abinci a waje, kuma a ce amarya na sayen abincin safe abin gori ne. Ga shi ya taɓa ce mini, ba da mugun nufi ba, miyar ayoyon wata Hajiya ta fi tawa. Na yi kuka a ɓoye. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Sawaba

AMSA

'Yata, share hawayenki. Kunyar da kika zo da ita ado ce, ba zan ce ki yar ba. Amma kada ki yi wa maƙwabtanki kallon ragwaye. Dubi gidan da kuke: ɗaki ɗaya, girki a baranda, gawayi da gas da tsada. Ki jiƙa gero, ki kai niƙa, ki tace, ki jira ya yi tsami, duk don kokon mutum biyu, kuɗin da kika kashe ya fi na saye. Yawancin matan nan kuma 'yan kasuwa ne, kafin rana ta fito sun kama hanya. Mai kokon da ake aika wa yara wataƙila mijinta ya rasu, da tukunyar nan take biyan kuɗin makarantar marayu. In kin saya wurinta kin taimaki gida guda, kuma ba mai yi miki gori a kai a zango.

Fitar Lahadi kuwa, al'adar garin ce. Ranar ake cin tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, omo tuo suke ce masa, kin ji tuwonmu a cikin sunan. In zuciyarki ba ta kwanta da zama a rumfa ba, ki faɗa wa mijinki a hankali. Ku je tare da kwanonki mai murfi, a zuba muku, ku dawo ɗaki ku ci. Shi fitar da ke yake so, ya nuna miki gari, kuma wannan alheri ne. Rumfuna da yawa suna da benci daga ciki inda mata ke zama, in wata rana kin ga dama.

Maganar miya ta yi zafi, na sani, ki gaya masa ta yi miki ciwo don ya iya bakinsa gaba. Sannan ki ɗebi albasa mai kyau daga buhunsa, ki yafa mayafi ki je ki gai da Hajiyar nan da hantsi, lokacin da ciniki ya lafa. Ki ce, "Mma, ni baƙuwa ce, uwata na nesa, ki koya mini ayoyo." Mata nawa Inna ta koya wa a haka. Kafin ki je ga abin da na sani: ki tsinke ganyen ki bar itacen, ki yanka ƙanana. Ruwa kaɗan, ya tafasa da 'yar kanwa kafin ganye ya shiga. Kada ki rufe tukunya, kada ki bar shi ya daɗe a wuta, in ba haka ba koren ya mutu, yauƙin ya tsinke. Ki burga, ki sa daddawa da garin kifi, gishiri daga baya. Hajiya ta yi shekaru tana yin tukunya guda kullum, ke wata biyar. Hannu sabo yake so.

Ke ma kin zo da naki. Dambu da zogale irin na Maraɗi, da furar da aka dama da nono mai kyau, ba kowa ya iya su a Sawaba ba. Ki yi ranar Juma'a ki aika wa Hajiya kwano, ki aika wa matan gidanku.

TAMBAYA

Gwaggo, ni ɗan Nima ne ta Accra, aiki ya dawo da ni Kumasi, ina zaune a Asafo. Tuwo da waakye ban rasa ba. Dokunu da kifin teku irin na Accra nake marmari, wanda na gwada a nan bai yi mini ba.

Ƙaninki, daga Asafo

AMSA

Ƙanena, daga Accra zuwa nan kusan kilomita 250 ne, kifin da ya iso mu ya kwana a ƙanƙara ko ya sha hayaƙi, ba zai yi kamar wanda aka sauke daga kwalekwale da safe ba. Dokunu kuma, tuwon nan na ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a dafa, ka duba wanne aka ba ka. Na mutanen Ga, wanda ka saba da shi, a bawon masara ake naɗe shi, da gishiri, da zafinsa ake ci. Na Fante a busasshen ganyen agade yake, ya fi tauri, ya fi jure ajiya, ɗanɗanonsa daban. Kana maƙwabtaka da Fante New Town, ba mamaki na biyun ka samu. Na Ga da yamma yake fitowa, ka nemi inda tukunyar ke kan wuta ana soya kifi a gefe. In banku, tuwon ƙullun masara da rogo, kake so da gasasshen karfasa, ka leƙa Anloga, unguwar ƙabilar Ewe ce, hannunsu ya faɗa a kai. Tafkin Bosomtwe kuma kimanin kilomita 30 ne daga gari, ƙananan kifayensa soyayyu har ƙashi ake cinyewa.

Amma tunda Allah ya kawo ka ƙasar Asante, ka gwada abin da suka fi Accra da shi: ampesi. Dafaffiyar ɗanyar agade ce ko doya ko gwaza, da ganyen gwaza, kontomire, da aka dafa aka niƙa a kasko da barkono da albasa da kifin gishiri da suke kira koobi, a kwarara manja mai zafi a kai, a ɗora dafaffen ƙwai da yankan fiya. Ba nama a ciki balle ka yi ta tambaya. Ka je kafin ƙarfe goma na safe, lokacin da agaden ke saukowa daga wuta, ka ce a niƙa maka naka a gabanka.